Kuloci da fulawil: Yadda mai tsohuwar mota a Damazin zai sayi mai sauƙi ba tare da ya biya sau biyu ba

Idan damina ta fara ja da baya a yankin Shuɗin Nilu, wajen watan Oktoba, garejojin Damazin sukan cika da aiki iri ɗaya: sauke giyabos. Duk wanda ya ratsa unguwar masu gyara, wadda muke kira mintaƙa sina'iyya, zai ga boksi-boksi an ɗage su a kan kututture, yaran gareji na kwance a ƙarƙashi, masu motocin kuma na zaune a inuwa sun yi tagumi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙasarmu baƙar laka ce. Da rani ta tsattsage, da damina ta zama kamar danƙo. Motar da ta kafe a hanyar Agadi ko ta ƙauyukan gabashin Rusairis, direba ba shi da dabarar da ta wuce ya taka totur ya riƙe kuloci rabi da rabi, ya yi gaba ya yi baya, har sai ta fita. Tana fita, amma farantin kuloci ne ya biya kuɗin fitar. Ga shi kuma lokacin ne riɗi ke nuna, dawa na biye, kowa na neman motar da za ta kwaso masa amfani.

A gidanmu akwai tsohuwar Hilux mai injin dizal 3L. Ƙanena ne ke tuƙa ta zuwa kasuwannin mako, waɗanda ake kira umdawarwar, ni kuma ni ke riƙe da littafin shiga da fita. Wannan littafin ne ya sa na zauna da ustoci da masu sayar da isbir ina tambaya har na gane abu guda: arahar kuloci ba a kanti ake auna ta ba. Ana auna ta ne da yawan lokutan da giyabos zai sauka ƙasa.

Me ya sa kayan suka yi tsada haka?

Kafin yaƙi, hanyar kayan gyara a miƙe take. Su sauka a Bur Sudan, su tafi manyan shagunan Khartum da Umdurman, daga can su biyo kwalta ta Madani da Sinnar da Sinja, su iso Damazin bayan tafiyar fiye da kilomita 500. Mai shago zai buga waya da safe, gobe kaya na tasha.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe kasuwannin Khartum. Manyan 'yan kasuwa da dama suka koma Madani, sai ita ma ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023. A ƙarshen Yunin 2024 suka kama Sinja, hanyar kwaltar da ke haɗa mu da arewa ta yanke, har zuwa Nuwamba da sojoji suka karɓe garin. Madani ta dawo a Janairun 2025, tsakiyar Khartum kuma a Maris. Hanya ta buɗe, amma farashi bai koma gidan jiya ba, domin jine ya riga ya faɗi. Dalar da ake saye kusan jine 600 kafin yaƙi ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage tun cikin 2024, kuma ba a nan ta tsaya ba. Kuloci kuwa da dala ake shigo da shi.

Ga Hausawan wannan yanki abin ya zo ne a kan wani rauni. Rikicin 2022 ya raba dubban mutanenmu da gidaje da gonaki, kuma akwai iyalan da motar da suka tsira da ita ce kaɗai jarin da ya rage musu. Daga Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, har zuwa ƙauyukan bakin tafkin Rusairis, boksi ɗaya kan ciyar da gida uku. Idan ta kwana goma a gareji a tsakiyar kaka, ba direba kaɗai ke ji a jikinsa ba.

Fara tabbatarwa kulocin ne

Ba duk ciwon giya ne ke buƙatar sauke giyabos ba, kuma nan ne wuri na farko da ake tsira da kuɗi.

Idan farantin ya cinye, alamarsa santsi. Ka ɗora kaya, ka kama hawa, ka taka totur, injin na ruri amma mota ba ta ƙara gudu, wani lokaci har da ƙauri. Akwai gwajin da ustoci ke yi: a ja birkin hannu, a sa giya ta uku, a saki kuloci a hankali. Idan injin ya mutu nan take, farantin na da sauran rai. Idan ya ci gaba da aiki, ya gama yawo. Sau ɗaya ake wannan gwajin, don shi ma yana cin faranti.

Amma idan matsalar ita ce giya na ƙin shiga, ko feda ta yi laushi tana nutsewa har ƙasa, a fara duba mai. Hilux da mai take aiki, akwai masta na sama a bayan feda, akwai na ƙasa a jikin giyabos. Idan robar ɗayansu ta tsufa, mai na yoyo ko iska ta shiga, kuloci ba zai rabu da kyau ba. Gyaran nan ba ya kai ko kusa da kuɗin sabon kuloci. Ƙananan motoci irin Amjad kuwa da waya suke aiki, wani lokaci ɗaure wayar kawai ake buƙata. Littattafan gyaran Toyota na motoci da yawa sun ce wasan da feda za ta yi kafin ta fara kamawa ya kasance tsakanin milimita 5 zuwa 15. Duk ustan da ya ce a sauke giyabos bai leƙa waɗannan ba, a nemi wani ya sake dubawa.

Abubuwan da ke cikin kulocin

Don mai karatun da bai taɓa ganin cikin ba: fulawil wani faifan ƙarfe ne mai nauyi da ke ɗaure a ƙarshen karanshaf, yana juyawa tare da injin. A kansa ake kifa murfin matsi, wanda a nan ake ce wa disk. Tsakaninsu akwai faranti, wato ustuwana, mai fata gaba da baya, shi ne ke haɗe da sandar giya. Murfin na matse farantin a jikin fulawil kamar yadda tafin hannu biyu ke matse faifai. Idan ka taka feda, wani boris, wanda muke kira balli, sai ya tura yatsun murfin, matsin ya saki, ka samu damar canja giya. Akwai kuma wani ƙaramin boris ko bushi a tsakiyar fulawil, inda kan sandar giya ke hutawa.

Abin da aljihu ke raya wa mutum shi ne ya sayi faranti kaɗai, tunda shi ne ya cinye. Sai dai zafin da ya ƙone farantin ya ratsa murfin ma, ƙarfin matsinsa ya ragu. Sabon faranti a ƙarƙashin gajiyayyen murfi zai fara santsi da wuri. Boris kuwa shi ne mafi araha a cikinsu, amma idan ya fara kuka bayan wata biyu, sai an sake sauke giyabos gaba ɗaya kafin a kai gare shi. A mota mai dabal, wato mai ja da ƙafa huɗu, aikin ya fi haka yawa.

Shi ya sa shawarar da na ji daga bakin kusan duk ustan da na yarda da shi ita ce: faranti da murfi da boris a canja su tare. Idan kuɗi ya gaza har dole a bar murfin, to a tabbata fuskarsa ba ta da tabon ƙuna ko tsagewa, yatsunsa kuma ba su zaizaye a inda boris ke taɓawa ba. Boris dai kada a mayar da tsoho ko da wasa.

Asali, tijari da abin da ke tsakaninsu

Ka shiga shago, mai kaya zai tambaye ka: asali kake so ko tijari? Kamar dai hanya biyu ce kawai. Alhali akwai ta uku, kuma ita ce ta fi dacewa da talaka.

Kamfanonin mota ba su ne ke ƙera yawancin kulocin da ke cikin motocinsu ba. Toyota na karɓar da yawa daga Aisin, wanda ɗan gida ne a rukunin kamfanonin Toyota. Akwai Exedy na Japan, wanda tsofaffin direbobi suka sani da Daikin kafin ya canja suna a 1995, kuma ba shi ne Daikin mai na'urar sanyaya ɗaki ba. Motocin Koriya, irin su Atos da Click da Accent ɗin da aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Giad, da yawansu na amfani da kulocin Valeo na Faransa, wanda ya yi haɗin gwiwa da Pyeong Hwa na Koriya tun 1988, shi ne ake gani a kwali da sunan PHC Valeo. Motocin Turai kuma LuK da Sachs na Jamus da Valeo ɗin ne suka fi yi musu.

Waɗannan kamfanoni suna sayar da kayansu a cikin kwalinsu, da sunansu, kuma galibi ya fi sauƙi a kan wanda ke cikin kwalin kamfanin motar. Ma'ana, kana sayen aikin maƙeri ɗaya, ka bar kuɗin tambari. Wannan ita ce araha mai hankali.

Tijari kuma kala-kala ne. Akwai na China da Indiya da Turkiyya masu suna da adireshi, waɗanda ke yin aiki daidai kuɗinsu, musamman a ƙaramar motar da ba ta barin kwalta. Akwai kuma wanda ba shi da uwa ba shi da uba. Mafi muni shi ne jabu: kaya marar kyau a cikin kwali mai sunan Aisin ko Toyota. Wani ɗan kawuna ya taɓa sayen irinsa a wani shago a kan kuɗin asali. Bai cika wata uku ba sifirin ɗin tsakiyar farantin ya fice ya maƙale a cikin murfi, mota ta tsaya da buhunan albasa a daji.

Yadda ake rage wannan haɗari: kada ka tsaya a kwali, ka fito da kayan. Na kirki yakan zo da tambari da lamba a buge a jikin ƙarfen, ba a takardar da aka manna kaɗai ba. Ƙusoshin da suka riƙe fatar su zauna daidai, zurfinsu ɗaya. Ka girgiza farantin, sifirin ɗin kada su yi ta kwaramniya kamar za su zube. Haƙoran tsakiya su kasance sumul, ba kaifi ba gurɓi. Kuma idan aka ce maka Aisin ne amma kuɗinsa ya yi daidai da na tijari, to kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Lamba kafin kuɗi

Cewa kawai “kulocin Hilux” ba ya isa. Hilux ta zo da injuna da yawa: 2L da 3L da 5L na dizal, 22R da jerin Y na fetur, sai 2KD na samfurin da ya fito daga baya. Faɗin farantinsu ba ɗaya ba ne. A jikin motar akwai wani ɗan allon ƙarfe mai ɗauke da lambar samfuri, misali LN106 ko KUN25, tare da lambar shasi. A ɗauki hotonsa.

A tsarin Toyota, lambar faranti tana farawa da 31250, ta murfi da 31210, ta boris da 31230, ta fulawil kuma da 13405. A Hyundai faranti 41100 ne, murfi 41300. Lambobin da ke biye su ne ke bambanta wannan mota da waccan. Mai shagon da ya san aikinsa zai iya nemo lambar Aisin ko Exedy da ta yi daidai da ita.

Amma a ƙasar nan allo ba ya faɗin gaskiya kullum. Motar da ta shekara 30 tana aiki, mai yiwuwa an canja mata injin ko giyabos fiye da sau ɗaya. Motocin da ake wa laƙabi da “Boko Haram”, waɗanda suka shigo ta iyakokin yamma ba tare da kwastan ba, da yawansu an yi su ne don wasu kasuwanni, kayansu na iya bambanta da na 'yan'uwansu da aka saba gani a nan. Don haka a sauke tsohon tukuna, a tafi da shi shago. A auna faɗi da ma'auni, a ƙirga haƙoran tsakiya, yawancin na Toyota 21 ne, a dubi ramukan noti na murfi. Kafin a ɗaura, a zura sabon farantin a sandar giya a ga yana tafiya ba cijewa ba lilo.

Idan za a yi odar kayan daga Madani ko Bur Sudan ne, a tura hoton allo da hoton tsohon faranti kusa da ma'auni ta WhatsApp, a kuma nemi hoton ainihin abin da za a ɗoro kafin a tura kuɗi ta Bankak. Sannan a yi magana a fili tun farko. Ni abin da nakan ce shi ne, “Alhaji, rubuta mini lambar a takarda, mu kuma yi da kai in bai shiga ba zan dawo maka da shi a kwalinsa, ba mai ba datti.” Wanda kayansa ke da kyau ba ya jin nauyin wannan sharaɗi.

Fulawil: nan ne ake iya rage kuɗi

Yawancin tsofaffin motocinmu fulawil ɗinsu dunƙulallen ƙarfe ne guda ɗaya, kuma irin wannan yakan yi zamani da motar. Ba kasafai ake buƙatar sabo ba. Abin da ake buƙata shi ne a duba shi da idon basira.

A wanke fuskarsa a kalla a haske. Idan ƙyalli ne kawai da 'yan layuka marasa zurfi, gyaran fuska ya wadatar. Idan farantin ya cinye har ƙusoshinsa sun yi masa kwari, ko akwai tabo shuɗi-shuɗi na ƙuna, sai a kai makhrata a share. Littattafan Toyota sun ce idan zurfin da ya rage tsakanin fuskar fata da kan ƙusa ya gaza milimita 0.3, farantin ya ƙare. Wanda ya canja kafin nan ya ceci fulawil ɗinsa. Da yawa daga littattafan sun kuma ce karkatar fuskar fulawil kada ta wuce milimita 0.1, abin da ido ba ya gani sai da agogon awo.

A wajen mai makhrata akwai abu uku da za a kula. Na ɗaya, ya ɗebi kaɗan, iyakar abin da zai daidaita fuska, domin idan ya yi siriri da yawa tazarar kulocin na canjawa. Na biyu, wasu fulawil suna da mataki, inda murfi ke zama ya ɗara ko ya gaza inda faranti ke zama. Duk abin da aka ɗeba a ɗaya dole a ɗebi kwatankwacinsa a ɗayan, in ba haka ba an yi gyaran gangar Auzinawa: sabon kuloci ya yi santsi ko ya ƙi rabuwa. Na uku, tabon ƙuna yakan yi tauri fiye da sauran ƙarfen, wuƙar makhrata na iya tsallake shi, shi ya sa injin dutse mai wasawa ya fi, inda ake da shi.

Idan haƙoran gefe ne suka lalace, waɗanda kik ke kamawa wajen tayar da mota, ba sai an jefar da fulawil ba. Zoben haƙoran daban yake, ana cire shi, a gasa sabo a zura. Amma tsagewa mai zurfi, musamman wadda ta nufi ramukan noti ko ta kai baki, ba ta da magani. Kada a yarda a yi mata walda. Ƙarfe ne mai nauyi da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya dab da ƙafafun direba.

Mai ɓari biyu

Akwai wani irin fulawil da ba a saba da shi a nan ba, amma ya fara shigowa da sababbin motoci. Ɓari biyu ne, da sifirin da man giris a tsakani, don shanye girgizar injin. LuK ya fara yin sa da yawa a 1985, yanzu kuma ya zama ruwan dare a motocin dizal na Turai. Alamar mutuwarsa ita ce ƙwanƙwasa lokacin tayarwa ko kashe injin, da girgiza idan mota na tsaye.

Wannan ba a kai shi makhrata kamar wancan, kuma sabonsa na iya fin kulocin gaba ɗaya tsada. Wasu sukan yi wa ɓarin biyu walda su zama ɗaya. Abin da ke biyo baya shi ne rashin daidaito, girgizar da ya kamata ya shanye ta koma kan giyabos da karanshaf. Mafita mai sauƙi ita ce saitin sauyi: dunƙulallen fulawil tare da faranti mai sifirin da aka yi don wannan motar, irin wanda Valeo ke yi wa motoci da dama. Za a ɗan ƙara jin ƙara da girgiza, amma nan gaba faranti da murfi kawai za a riƙa canjawa. Mai shirin sayen mota ta hannu ya tambayi wane iri ne a cikinta tun kafin a yi ciniki.

Kayan tashli'i da tambayar da ba a son yi

Idan dole sai an canja fulawil, na hannu ya fi dacewa da aljihu, kuma babu laifi a cikinsa in dai an auna shi. Kamar yadda Bakano ke zuwa Ƙofar Ruwa, mu ma muna da masu tashli'i, wato masu farfasa tsofaffin motoci, ga kuma kayan hannu da ake shigowa da su daga Sharja. Dunƙulallen fulawil na hannu mai lafiya ya fi sabo marar asali. Faranti da boris na hannu kuwa caca ce, haka ma mai ɓari biyu, don ba ka ganin cikinsa.

Sai dai akwai abin da ya fi awo muhimmanci. Kowa ya san an wawashe motoci masu ɗimbin yawa a Khartum da Jazira da Sinnar a wannan yaƙi, an farfasa wasu an sayar gunduwa-gunduwa, har aka samu kasuwannin kayan ganima da jama'a suka laƙaba wa suna aswaƙ Dagalo. Mu da muka san zafin a kwashe wa mutum dukiya, bai kamata mu zama kasuwar kayan wani ba. Malamanmu ba su yi saɓani ba a kan haramcin sayen abin da ka san na sata ne. Idan farashi ya yi ƙasa fiye da hankali, mai kaya kuma ba shi da shago ba shi da amsar inda ya samo, a haƙura. A sayi na mutumin da aka sani, a karɓi takarda.

Akwai kuma masu sake wa tsohon faranti fata da ƙusa. Lokacin da hanyar Sinja ke rufe, wannan sana'a ta rufa wa mutane da yawa asiri. Tana fitar da mutum daga daji, tana iya kai shi ƙarshen kaka, amma sifirin da haƙoran tsakiya tsofaffi ne. A ɗauke ta a matsayin maganin wucin gadi.

Mu yi lissafi

Farashi na canjawa kusan kullum, don haka bari in yi misali da lambobin da na ƙaga don sauƙin fahimta. A ce saiti mai kyau 100 ne, marar asali 55, kuɗin aiki 30. Wanda ya sayi mai kyau ya kashe 130. Wanda ya sayi ɗayan ya kashe 85, ya ga kamar ya ci ribar 45. Idan ya mutu masa a tsakiyar kaka ya dawo ya sayi mai kyau, jimilla ta zama 215. Ba a sa kuɗin janyo mota daga daji ba, ba a sa kwanakin da ba ta yi lodi ba, ba a sa kifi ko tumatirin da ya lalace a bayanta ba. Araha ba ta ado.

Haka nan a yi hattara da abin da ake tallatawa da sunan “mai ƙarfi”, irin farantin da ke da guntayen ƙarfe ko tangaran maimakon fata. Don motocin tsere aka fi yin sa. Yana kamawa da fizga, yana cin fuskar fulawil, kuma a taɓo wahala zai ƙara maka. Mai ɗaukar kaya ya nemi saitin da aka yi wa samfurin motarsa daga kamfani mai suna, ya wadatar.

Ranar ɗaurawa

Kaya mai kyau a hannun gaggawa asara ne. Ka zauna a wurin, ko ka bar wanda ka yarda da shi. Tunda giyabos na ƙasa, a duba sil ɗin bayan karanshaf da na gaban giyabos. Idan akwai alamar yoyon mai a canja, domin mai kaɗan a kan fata ya isa ya sa sabon kuloci santsi da karkarwa. A canja ƙaramin boris ɗin tsakiyar fulawil. A duba cokalin da ke tura boris da inda yake juyawa.

Sabon murfi na zuwa da man hana tsatsa a fuskarsa, a goge shi tas, haka ma fulawil. Giris a haƙoran sandar giya ɗan kaɗan ake shafawa. Faranti na da gaba da baya, kada a juya shi. A daidaita shi a tsakiya da sandar saiti, a ɗaure notocin murfi kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, notocin fulawil kuma da sifana mai awo. Kada a bar nauyin giyabos ya rataya a kan faranti, kada kuma a ja shi da noti don ya shiga dole. Ga yaran gareji kuma, ƙurar tsohon kuloci ba ta hurawa da iska ba ce. Wasu fatun, musamman tsofaffi da marasa asali, na ɗauke da asbesto mai lahani ga huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Bayan an fito, a lallaɓa motar na 'yan ɗaruruwan kilomita kafin a ɗora mata cikakken lodi. Direba ya sauke ƙafa daga feda idan ya gama canja giya, ya tashi da giya ta ɗaya, ya daina riƙe mota a hawa da kuloci alhali ga birkin hannu. Idan ta kafe, a sa dabal da ƙaramar giya in akwai, a rage kaya, a haƙa, a sa itace, a nemi tarakta ta ja. Kuɗin mai tarakta bai kai na faranti ba.

Abu na ƙarshe shi ne lokaci. Kuloci ba ya mutuwa ba sallama, yakan yi makonni yana ba da alama. Wanda ya fara tara kuɗi tun ranar da ya ji santsin farko, ya yi oda a natse, ya zaɓi ranar da babu kasuwa ya kai gareji, shi ke da ikon yin ciniki. Wanda aka janyo da igiya kuwa, abin da ya tarar a kanta shi zai saya, a kuɗin da aka faɗa masa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a abin hawa da abin da yake kawowa gida.